Sunayen da Baba Ya Ajiye Bayan Labule

Na karanta saƙonninku kaf, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto min cewa, "Haba Nisrin, kwamfuta ce fa, ba kabarin kakanki ba, ki bar bawan Allah ya gyara muku." Na gode, 'yar'uwa. Ya gyara ɗin. Ki nemi wuri ki zauna ki ji irin gyaran da ya yi.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Nisrin, shekarata ashirin da shida, ni kaɗai iyayena suka haifa. Babana, Mu'allim Wajih, yana da ɗan shagon ɗab'i a unguwar Zahriyya, nan Tarabulus. Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ni nake buɗe shagon. Tun daga ranar kalma ɗaya ce ta rage a bakinsa: "A'a." Ki kai masa miya, ya ce a'a, sannan ya buɗe baki ya sha. Ki tambaye shi ko a buɗe taga, a'a, ko a rufe, a'a. Mun saba har mun daina ji. Tamim kuma shi ne injiniyan kwamfutar da aka sa mana rana da shi, kuma saura mako biyu a ɗaura auren lokacin da wannan abin ya faru.

Muna buga katin biki, muna buga rasit, amma abin da ke riƙe da shagon shi ne takardar rasuwa. Mutum ya cika da asuba, kafin azahar dole takardarsa ta hau bangon masallaci da ƙofar gida da turakun wuta, da sunayen danginsa a jere. Wanda bai taɓa wannan aikin ba gani yake wasa ne. Ki sa ƙaramin suruki gaban babba ki ga yadda gida zai kama da wuta. Akwai 'yan'uwa biyu a unguwarmu da suka shekara tara ba sa ga maciji saboda an manta "Dakta" a gaban sunan ɗaya.

Shi ya sa kowa yake zuwa wurin Baba. Shekara ashirin da huɗu yana tara fayil na kowane gida a tsohuwar kwamfutar nan mai ƙugi. Ana bugo waya a ce Hajja wance ta rasu, sai ya buɗe fayil ɗin gidansu, ya ɗauke sunanta ya kai sama, ya ƙara "marigayi" ga wanda ya riga ta, minti goma an gama. Tsarin da ke tuƙa kwamfutar ya tsufa, waɗanda suka yi shi ma sun daɗe da juya masa baya. Manhajar da muke jera rubutu da ita a kansa kaɗai take tashi, sai kuma an soka mata wani ɗan makulli shuɗi a bayan akwatin. A cikinta haruffan Baba suke, waɗanda ya zana da alƙalaminsa ɗaya bayan ɗaya aka shigar. Duk wanda ya hango "Inna lillahi" a bango daga tsallaken titi ya san daga shagonmu ta fito.

Sannan akwai labule. Baba bai taɓa goge sunan kowa ba. In dangi suka zo a fusace suka ce cire wane, ya yi mana abin kunya, ko wance ta bar gidan, sai ya ce to. Amma ba ya gogewa. Tura sunan yake wani shafi na ƙasa wanda ba ya fitowa a allo, ba ya fitowa a takarda, ya rubuta kwanan wata da wanda ya ba da umarni. Ranar da ya fara koya min aiki ya nuna min madannan da ake haɗawa a ɗaga shi, sannan ya riƙe min hannu.

"Mutane suna shiryawa, Nisrin. Yau a cire, bayan shekara biyar a zo ana kuka a ce mayar. Amma kar ki taɓa ɗaga labulen wani gida sai su da bakinsu sun ce. Ba namu ba ne, ajiya ce."

Ban taɓa ɗagawa ba. Ku riƙe wannan.

Ranar Alhamis bayan la'asar Tamim ya zo da mahaifiyarsa, da tiren halawar cuku daga unguwar Tall. Tun safe Mama ta yaye ledar da ke kan kujerun falo, ta fito da kofunan gahawa masu bakin zinare da ko ranar sallah ba ma ganinsu. Ta sa ni na cire wandon jins ɗina mai tabon tawada na sa doguwar riga ruwan zaitun da ke shaƙe min wuya, da mayafi mai ruwan madara. Khalto Ibtisam, yayar Mama, ta riga kowa zuwa, ta kame a kujerar kusa da tire. An turo Baba a kekensa aka ajiye gefen taga da bargo a gwiwa.

Tamim ya sunkuya ya sumbaci goshinsa. "Ammo, ya ƙarfin jiki?" Ammo shi ne baffa a bakinmu.

"A'a," in ji Baba. Ya bugi hannun keken da hannunsa mai lafiya.

"Ka ga yadda yake murna da kai," Mama ta ce tana dariya.

Ba zan yi muku ƙarya ba, Tamim ya iya sa kaya. Farar taguwa an naɗe hannunta zuwa gwiwar hannu, agogo baƙi, gemu an daidaita shi, ga ƙamshi da ke riga shi shiga ɗaki. Ya kuma iya magana. Ko kofi ɗaya bai gama ba ya ɗauko zancen da ya fi so.

"Nisrin, jiya na wuce ta shago na ji kwamfutarku tana kuka tun daga bakin titi. Wallahi tausayi ta ba ni."

"Tana aiki."

"Tana aiki yau. Ran da ta kwanta fa? Tsarin nan an binne shi tun ina sakandare. Bari na sa muku sabo, kyauta ne, ba ya kama ƙwayar cuta, kafin ki ƙifta ido ya tashi."

"Tamu ba ta taɓa shiga intanet ba, ina za ta kwaso cuta?"

"To firinta fa, da kike lallaɓa ta kamar jaririya?"

"Firintar ta san tsohon, ba ta san naka ba. Manhajar ma haka. Haruffan Baba ma haka. Hannuna ma haka, ido rufe nake aiki. In ka canja min ranar da aka kawo gawa biyu, wa zan ce ya jira? Mamacin?"

Ya yi irin murmushin nan da ake yi wa yaro. "Kowa haka yake faɗa. Na canja wa ofisoshi sun fi talatin, kowanne sai ya ce fayilolina, hannuna, na saba. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba. Bayan kwana uku su ne masu kirana suna godiya."

Khalto Ibtisam ta lashe yatsa. "Ni abin da nake tunani, yarinyar da ta kasa canja kwamfuta, ta yaya za ta canja gida? Ko da akwatin za a kai ta, a ajiye mata shi tsakiyar gado?"

Aka kwashe da dariya, har da Imm Tamim, wato mahaifiyar Tamim, da ke rufe baki da gefen mayafi. Na ji kunnuwana sun ɗau zafi. Na so in ce akwai abin da ke cikin fayilolin nan da ba kowace manhaja za ta gane ba, amma in na faɗi haka na tona ajiyar Baba a gaban Khalto, wadda in ta ji abu da la'asar, kafin magariba ya isa unguwar Mina, can bakin teku. Sai na haɗiye.

"Ba na so a taɓa ta," na ce. "Shi ke nan."

Suna fita Mama ta rufe ƙofa ta juyo kaina.

"Kin kyauta. A gaban uwarsa kike ce masa ba kya so."

"Mama, ba ki san abin da ke ciki ba."

"Na san abin da ke cikin gidan nan! Ubanki a keke, ke mace ke kaɗai a shago maza suna shiga suna fita. Allah ya kawo mai ilimi ya ce zai ɗauke ki ya ɗauki shagon, ke kuma kina kare tsohon ƙarfe. Shekararki nawa? 'Yar Ibtisam da kika girma da shekara uku goyo na biyu take."

Na shige ɗaki na bar ta tana yi. Wayata ta yi ƙara, saƙon Tamim ne.

"Kin yi kyau yau, Nunu. Ko fushin ma ya yi miki kyau."

Wani ya sake shigowa.

"Ki yarda da ni mana. In ba ki yarda da ni a kan kwamfuta ba, a kan me za ki yarda?"

Na rubuta, "Ba maganar yarda ba ce." Ya turo min hoton zuciya. Ni kuma, sakarya, na yi murmushi na ɗauka zancen ya mutu.

Juma'a ba ma buɗe shago. Khalto ta zo tun ƙarfe tara ta ja ni wurin mai ɗinki a unguwar Abu Samra, gwajin rigar ɗaurin aure. Farar riga mai dogon hannu, an jera ƙananan duwatsu daga wuya zuwa ƙugu. Awa huɗu ina tsaye ana soka min allurai, Khalto tana cewa a rage nan, a ƙara can, a sake kwance hannun. Na yi mamakin yadda ranar ta zama mai haƙuri da tela. Ashe aiki aka ba ta.

Muna cikin tasi saƙo ya shigo. Hoton teburin Baba ne. Allon kwamfutar ya koma wani shuɗi mai sheƙi da hoton tsauni, ɗan makullin nan kuma yana yashe gefen linzamin kwamfutar.

"Na yi miki ba-zata! Daƙiƙa goma sha ɗaya take tashi yanzu. Fayilolinki duk na kwashe na mayar, ko ɗaya bai ɓata ba. Firinta ma na shawo kanta."

Na rubuta, "Tsohon fa?"

"Na share shi mana. Wurin bai isa biyu ba."

"Wa ya ba ka makullin shago?"

"Mamanki. Ta ce kunya ce ta hana ki cewa e."

Na ce wa direba ya tsaya. Khalto tana kira, ban waiwaya ba. Da ƙafa na ƙarasa Zahriyya, na ɗaga ƙofar shago, na zauna a kujerar Baba. Shiru, ƙugin nan da na tashi da shi tun ina yarinya babu. Na kai hannu inda na saba, ba komai a wurin. Na soka makullin a baya, ko gezau. Faifan da aka shigar da tsohuwar manhajar da shi kuwa, rabona da ganinsa tun ina firamare. Na kasa buɗe ko fayil ɗaya, tsoron abin da zan gani ya hana ni. Na yi kuka mai isata, na rufe na tafi gida. Mama ta ajiye min abinci a rufe.

Asabar ƙarfe bakwai da 'yan mintuna wayar shago ta shigo wayata, don tun ciwon Baba na juyar da layin. Imm Tamim ce, murya a dishe.

"Nisrin, 'yata, Teta Wadad ta cika da asuba." Kakar Tamim ke nan ta wajen uba. "Fayil ɗinmu yana wurinku tun rasuwar mijina, Abu Tamim. Guda ɗari biyu, za a yi mata salla bayan azahar. Tamim zai zo ya karɓa." Ta ja hanci. "Allah sarki, da ta ƙara mako biyu da da sunanki za a buga."

Na yi mata ta'aziyya, na zura baƙar abaya na fita ko shayi ban sha ba.

Daƙiƙa goma sha ɗaya ta tashi, wannan kam bai yi ƙarya ba. Minti arba'in kuma na yi ina laluben inda ya zuba fayilolin. Da na samu na gidansu na danna, sai wata sabuwar manhaja ta buɗe shi. "Inna lillahi" ɗin Baba ta zama layin ƙananan akwatuna, ba harafi ko ɗaya. Sauran rubutun ya fito da wasu haruffa siraran, irin na takardar asibiti. Na cije leɓe na ci gaba da karantawa, don in ga ko jerin sunayen ya tsira.

'Ya'yansa: Injiniya Tamim. Sai layi na gaba.

Matarsa Hala, da 'yarsu Lin.

A ƙasa kuma, da irin gajeren rubutun Baba: "An ɗauke bisa umarnin Imm Tamim. Suna Halba wurin iyayenta. Ba saki."

Na karanta sau uku. Ban ɗaga labule ba, Allah ne shaidata. Sabon tsarin ne bai san da wani labule ba. Ya kwaso na sama da na ƙasa ya zube su wuri ɗaya, baƙi ɗaya, girma ɗaya. Na buɗe fayil ɗin wani gida don in tabbatar, na ga sunan ɗan da aka yafe. Na buɗe na uku, na rufe da sauri. Inda Baba ya sa bayani zan gane, inda bai sa ba kuwa babu yadda zan san wanda ake bugawa da wanda aka ɓoye. Shekara ashirin da huɗu na sirrin mutane a buɗe a gabana, kuma ba fayil ɗaya da zan iya bugawa da kwanciyar hankali.

Za ku ce kishi ne ya kama ni. Wallahi ba shi ba ne. Sanyi na ji, tun daga tafin ƙafa. Tamim ya sha ba ni labarin shekara huɗun da ya yi aiki a garin Halba, har da mai gasa masarar da ke ƙofar ofishinsu ya ba ni labari. Sai kuma na tuna Baba yana dukan hannun keke.

Na kai sunan Teta Wadad sama, na gyara jerin, na bar layin nan yadda yake. A shagonmu ba a buga takarda sai mai gawa ya karanta gwaji ya sa hannu, dokar Baba ce. Na fitar da guda ɗaya na ajiye a kan tebur da biro.

Goma da rabi ya shigo, baƙar taguwa, idanu jajur. Duk da haka sai da ya kalli allon ya ɗan saki fuska.

"Kin ga? Ba ga shi kin iya ba?"

"Allah ya ji ƙan Teta. Karanta ka sa hannu."

"Ba lokaci, Nunu, buga kawai."

"Karanta."

Ya ɗauka yana tsaki. Ina kallon idonsa yana sauka layi layi har ya tsaya.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Baba. Shekara uku da suka wuce. Ya ɓoye muku shi, ko ni ban taɓa gani ba. Kai ka fito da shi jiya."

"An ce masa ya cire!"

"Ya cire. Bai goge ba."

Ya shafa gemu, ya kalli ƙofa, ya rage murya. "Ki saurare ni. Kuskure ne na ƙuruciya. Iyayenta mutanen ƙauye ne, Mama ba ta taɓa yarda ba, ko biki ba a yi a nan ba. Maganar ta mutu tuntuni, takardu ne kawai suka rage. Da na gaya miki."

"Yaushe? Bayan gwajin riga na biyu?"

"Nisrin, kakata tana kwance ba a binne ba. Yanzu ne lokacin wannan?"

Da gaskiyarsa, kuma shi ya fi ƙona min rai. Na juya ga allon.

"To ka zaɓa. A tsohon, da na mayar da su ƙasa su zauna har ran da za ku shirya. Naka ba shi da wurin ajiya, ko in yana da shi ban san inda yake ba. Ko a buga, ko a goge."

"Goge."

Ko numfashi bai ja ba. Na ɗora linzami a kan layin na tsaya.

"Har Lin?"

"Na ce goge. Duka."

Baba ya koya min cewa takarda ta masu gawa ce, abin da suka ce shi ake bugawa. Na goge. Da yatsana, wannan da nake rubuto muku da shi. Kafin in ɗauke hannu ya miƙo nasa ta kan kafaɗata ya danna adanawa, da saurin wanda ya san tsarinsa. Ya dunƙule takardar gwajin ya jefa a kwando.

Firinta ta tofo ɗari biyu da siraran haruffanta. Ya tattara ya naɗe a takarda. A bakin ƙofa ya juyo.

"Za mu yi magana bayan kwana uku. Kar ki ɗaga wa Mamanki hankali."

Yana fita na sa hannu a kwando na ɗauko ta, na warware a kan gwiwata na sa a jaka.

Na tarar da Mama tana goge baƙar rigarta ta zuwa gaisuwa, a kan teburin cin abinci. Baba yana gefen taga, an yafa masa tawul a ƙirji, kwanon miyar adas, wani ƙaramin wake, a kusa da shi ya huce. Na shimfiɗa takardar a kan rigar. Ta ajiye dutsen guga, ta ɗauko tabarau, ta karanta. Ina jiran salati, ina jiran ta dafe ƙirji. Sai ta cire tabarau ta ninke.

"Wa ya ce ki tono wannan?"

"Mama?"

"Imm Tamim ta gaya min tun zuwansu na farko. Mace ce mai gaskiya. Ta ce za a kammala takardun bayan biki."

Na nemi kujera na zauna. "Kin sani. Kika bar ni ina tsaye ana soka min allura."

"Na sani, sai me? Namiji ne, ya yi aure ya ga bai yi ba. Kin ɗauka masu layi ne a ƙofar nan? Wa zai auri yarinyar da ta zo da uba a keke da shagon takardun mutuwa? Ni na san daren da nake kwana ina juya ubanki ni kaɗai."

"Yana da 'ya, Mama. Na tambaye shi har ita, ya ce goge. Ko ido bai ƙifta ba."

"To ai ke ya zaɓa. Ki gode Allah."

Na kalli matar da ta haife ni, na ga gajiya ce zalla a fuskarta, kuma hakan bai rage min ɗacin ko kaɗan ba.

Wayata ta yi ƙara a jaka. Na ɗauka Tamim ne da hoton zuciyarsa. Baƙuwar lamba ce, ta samo tamu a ƙasan takardar, inda muke sa lambar shago. A hoton mai lambar wata yarinya ce 'yar shekara huɗu, da ribbom ja, gemun Tamim kaɗai ya rage mata ta zama shi.

"Salamu alaikum. Wurin Mu'allim Wajih ne? Sunana Hala, daga Halba. An turo min hoton takardar Teta Wadad, na ga wannan karon ma ba mu."

Wani ya biyo.

"Ni ban damu da nawa ba. Lokacin rasuwar kakanta na zo har shago da ita a hannu, Mu'allim ya ce min kar in yi kuka, sunanta yana nan a ajiye, shi bai taɓa goge sunan kowa ba. Ya ce ran da ta girma ta tambaya ko ita 'yar gidan ce, in kawo ta ya nuna mata. Ina so in ji kawai. Yana nan?"

Ban san lokacin da na fara karantawa a fili ba. Ina kaiwa ƙarshe sai ƙaurin rigar Mama da ta fara ƙonewa a gefe ya tashi, ta ja dutsen gugar da sauri.

Na ɗauke takardar daga kan tebur. Duk duniya nan ne kaɗai sunan Lin ya rage kusa da na ubanta, a kan takardar da aka dunƙule aka jefa kwando. Waya a hannun dama, alama ta nuna wa Hala na karanta, tana jira.

Mama ta miƙo hannu. "Ba ni takardar nan. Saura kwana goma sha biyu, Nisrin, kar ki rusa mu. Ba ni in sa a murhu."

"A'a."

Ba ni na faɗa ba. Muka juya tare. Baba ya ɗago daga jikin keken iya ƙarfinsa, tawul ɗin ya zame ƙasa, hawaye yana bin ɓarin fuskarsa mai motsi. Ba ni yake kallo ba, Mama yake kallo.

"Rabu da shi," ta ce, hannunta yana nan a miƙe. "Haka ya ce wa miya ɗazu."

Wata bakwai ina cewa haka ni ma. Na taka na ɗauke tawul ɗin, na shimfiɗa takardar a kan gwiwarsa, ya ɗora hannunsa mai lafiya a kanta ya danne. Sannan na buɗe kyamarar wayata, don in ɗaukar wa Hala hoton sunan.